Takardar da Ba Ta Isa Hannu Ba: Tarihin Sammaci da Ɗaukaka Ƙara a Zangunan Ankara

  

Duk wanda ya tashi a Zango ya san abin da ke faruwa idan baƙo ya shigo lungu da jaka a hammata, yana duba wata takarda, yana tambayar gidan wane. Mai koko za ta ce yau ta fara jin sunan. Tela zai ce mutumin ya yi tafiya. Yaron da ya buɗe baki zai nuna ƙofa, uwarsa za ta janye shi ciki. Kafin baƙon ya kai ƙarshen lungu labari ya riga shi zuwa, wanda ake nema kuma ya fita ta ƙofar baya. Mu da muke zaune a zauren Maigida muna riƙe masa alƙalami mun ga wannan ya fi a ƙirga, kuma mun ga ƙarshensa, wanda sau da yawa kuka ne. Wannan ɗabi'a ta gudun belif tana da asali, kuma asalin nata ya cancanci a ba da shi yadda yake, domin kakanninmu ba su zo ƙasar nan da ita ba.

Abin da suka zo da shi shi ne fiƙihun Malikiyya, cikin gafaka, tare da fatauci. Wanda ya zauna gaban malami ya kai babin hukunci a Muhtasar na Shehu Halil, ko ya karanta Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, ya san cewa kiran abokin husuma shi ne ƙofar shari'a. Alƙali yana kiran wanda aka yi ƙara ta ɗayan hanya biyu: ko ya aika manzo, ko ya ba mai ƙara hatiminsa ya kai ya nuna, don wanda ake kira ya tabbata daga alƙali kiran ya fito. Idan an gama jin shaidu kuwa, akwai abin da malamai ke kira izari, wato alƙali ya juyo ga wanda hukunci zai hau kansa ya tambaye shi ko yana da sauran hujja, ya ba shi wa'adi idan ya nema. Hukuncin da aka yanke ba tare da izari ba abin warwarewa ne, kuma har yau kotunan ɗaukaka ƙara na shari'ar Musulunci a arewacin Najeriya suna rushe hukunci saboda wannan kaɗai. Tushen abin sananne ne ga ɗalibai: umarnin da aka yi wa Sayyidina Aliyu lokacin da aka tura shi Yaman, cewa kada ya yanke tsakanin mutum biyu sai ya ji na biyun kamar yadda ya ji na farko.

Malamanmu ba su tsaya nan ba, sun yi maganar wanda ba ya gari, kuma wannan bayani nasu za mu sake komowa kansa. Sun kasa rashin halarta gida uku. Wanda ke kusa, tafiyar kwana biyu ko uku a hanya mai aminci, hukuncinsa kamar na wanda ke gari ne: a rubuta masa, ko ya zo ko ya wakilta. Wanda ke tsakatsaki, kamar tafiyar kwana goma, ana iya yi masa hukunci a bayan idonsa a kan bashi da makamantansa, amma ba a fitar da gida ko gona daga hannunsa. Wanda ya yi nisa ƙwarai ana yi masa hukunci a kan komai bayan mai ƙara ya yi rantsuwa, sai dai alƙali zai rubuta sunayen shaidu, hujjar mutumin kuma tana nan a ajiye har ranar da ya dawo. Fatake ne suka fi kowa buƙatar wannan tsari, mutanen da ke barin Kano ko Katsina su yi wata da watanni a hanyar Gwanja kafin su ga Salaga.

Da aka kafa Zango a Ankara, tun daga Zangon Malam na Malam Na-Inno a ƙarshen ƙarni na 19, har Sabon Zangon da ɗansa Malam Baƙo ya kafa wajen 1912, isar da kira bai taɓa zama wahala ba. Dalili kuwa shi ne babu baƙon da ba shi da maigida. Duk wanda ya sauka da shanu ko goro ko tufafi, a gidan wani ya sauka, kuma wannan maigidan shi ne adireshinsa. Idan sarki ko liman yana neman mutum, ɗan aike zai tafi wurin maigidansa, su gaisa, ya ce ana son ganin baƙonka gobe bayan la'asar. Shi ke nan. Ƙin amsa kiran kunya ce ga maigidan kafin ta zama ta baƙon, kuma wanda ya kunyata maigidansa ba zai sake samun mai tsaya masa a kasuwa ba. Wanda bai gamsu da abin da maigida ya yanke ba sai ya kai gaban sarkin ƙabilarsa, daga nan gaban liman da malamai, kuma a kowane mataki abokin husumarsa yana jin labari tun kafin a zauna, don a masallaci ɗaya suke sallah. A Kumasi ma abin ya kai ga gwamnatin Turawa ta amince da kotun Sarkin Zango Malam Sallau a shekarun 1920, kafin a rushe ta da saukarsa a 1932.

A gefe guda kuma wata shari'ar tana girma. A 1876 Turawa suka kafa Babbar Kotun Gwalkwas da dokar da ta shigo da tsarin shari'ar Ingila, a 1877 suka ɗauke hedikwata daga Kef Kwas suka dawo da ita Ankara. Wannan kotu ba ta san maigida ba. Ta san mutum ɗaya da sunansa, da takarda da za a damƙa masa a hannu, da ma'aikacin da zai dawo ya yi rantsuwa cewa ya damƙa. Abin dariya, ko abin tausayi, shi ne yawancin masu ɗaukar bindiga da ke tsaye bayan wannan takarda a farkon zamani su ma Hausawa ake kiransu, tun daga sojojin Gulaba da suka yi yaƙin Tonawa a 1874. To amma takardar da Turanci take. Dattijon da ya haddace Alƙur'ani, yake rubuta wasiƙa da Larabci da ajami zuwa Sakkwato, idan aka miƙo masa ita sai ya zama kamar makaho, dole ya nemi mai rubutun wasiƙa a bakin kotu ya karanta masa, ya biya shi, ya kuma yarda da abin da ya ce an rubuta. Cutar da aka yi wa mutane ta wannan hanya ta yi yawa har gwamnati ta yi doka a 1912 ta kare waɗanda ba su iya karatun boko ba, wadda ta wajabta wa marubuci ya karanta wa mutum abin da ya rubuta, ya fassara masa, ya kuma sa sunansa a jikin takardar. A 1914 majalisar alƙalan Sarkin Ingila da ke Landan, a shari'ar Kwamin da Kufuor, ta ce ba za a ɗauka cewa mutum ya fahimci takardar Turanci don kawai ya dangwala mata hannu ba, wanda ke son kafa hujja da ita shi zai tabbatar an fahimtar da shi. Hukunci ne mai kyau, sai dai kafin talaka ya ci moriyarsa sai ya sami lauya.

Ambaton Landan ya kawo mu ga tsanin ɗaukaka ƙara. Daga 1928 aka sami Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, mai duba hukunce-hukuncen Gwalkwas da Najeriya da Saliyo da Gambiya, daga ita kuma sai Landan. Gana ta fita daga wannan kotu da samun 'yanci a 1957, ta kuma rufe ƙofar Landan da ta zama jamhuriya a 1960. Wanda yake son ya ga tsawon wannan tsani ya dubi shari'ar filayen Kokomlemle, wadda lauyoyi ke kira Golightly da Ashrifi. Ƙararraki ne sama da ashirin aka haɗa wuri ɗaya, tsakanin gidajen sarauta da zuriyoyin mutanen Ga da waɗanda suka sayi fili a hannunsu. Alƙali Jackson ya yanke hukunci a 1951, kotun Afirka ta Yamma ta duba a 1955, maganar kuma ba ta kwanta ba sai da ta kai Landan. A kowane hawa sai an bi masu hannu a shari'ar ɗaya bayan ɗaya an kai musu takarda. Amma a daidai waɗannan shekaru mutanenmu suna ta kafa bukkoki da gidajen ƙasa a wannan yanki na arewacin birni, a Legas Tawun da Nima, wadda Malam Amadu Futa ya fara zama da shanunsa a farkon shekarun 1930. Mafi yawansu goro da ɗan kuɗi suka kai wa wanda aka ce musu shi ne mai ƙasa, babu takarda, don haka babu sunansu a kowane kundi, kuma ba wanda doka ta wajabta wa ya sanar da su komai. Ana iya yin jayayya a kan wanda ya mallaki ƙasar da mutum ke kwana a kanta har ƙetaren teku, shi kuwa sai dai ya ji a bakin kasuwa.

Amma idan ana neman ranar da zuciyar mutumin Zango ta yanke ƙauna daga takardar hukuma, a ganinmu sai a dubi 1957 da 1958. Wata biyar da samun 'yanci, gwamnatin Nkrumah ta ba da umarnin korar wasu manyan Musulmin Kumasi biyu, Alhaji Amadu Baba da Alhaji Usman Larden, jagorori a jam'iyyar Musulmi da ke ɓangaren adawa. Suka garzaya kotu suka ce su 'yan ƙasa ne, a nan aka haife su, dokar korar baƙi ba ta hau kansu ba. Maganar tana gaban alƙali majalisa ta zauna ta yi doka ta musamman mai ɗauke da sunayensu su biyu, wadda ta ba minista ikon fitar da su, ta kuma kashe duk wata shari'a da suka shigar. Aka kai su Najeriya. Babu izari, babu ɗaukaka ƙara.

Abin da ya faru a shekara ta gaba ya fi shafar maganarmu kai tsaye, kuma ɗaliban lauya a ƙasar nan har yau suna karanta shi. A watan Oktoba na 1958 aka kama Wahabi Balogun da wasu mutum uku da niyyar korarsu. Lauyansu ya shigar da roƙo a gaban Alƙali Smith cewa a kawo su kotu a ji dalilin tsare su, tunda sun ce su ma 'yan ƙasa ne. Alƙali ya ba da umarni a kai sanarwa ga Ministan Cikin Gida, Krobo Edusei, da shugaban 'yan sanda, Madjitey, da shugaban gidajen yari, ya sa ranar da za a dawo. Kafin takardun su isa hannun waɗanda aka rubuta wa, aka sa mutanen huɗu a jirgi zuwa Najeriya. Da aka dawo kotu sai aka kafa hujja da cewa ai ba a riga an damƙa sanarwar ba a lokacin da jirgi ya tashi. Alƙali bai karɓi wannan ba. Ya ce tunda sun san maganar tana gaban kotu, fitar da mutanen raina kotu ne, ko takarda ta iso ko ba ta iso ba. Majalisa ta sake zama ta yi dokar da ta wanke ministan da shugaban 'yan sandan daga hukunci. A duba da kyau: dabarar da mai koko da tela ke yi a lungu, ta cewa takarda ba ta same mu ba, manyan ƙasa ne suka fara gwada ta a bainar jama'a, alƙali ya ƙi ta, su kuma suka tsira don suna da majalisa a hannu. Mu ba mu da ita.

Madina kanta 'yar wannan zamani ce. A 1959 aka kafa ta, lokacin da aka tashi mutane daga wajen Shiashie kusa da filin jirgin sama, Alhaji Seidu Kardo ya jagorance su zuwa ƙasar da sarautar La ta bayar. Shekara goma bayan haka, ranar 18 ga Nuwamba 1969, gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasa. Waɗanda suka ga wannan rana cikin iyayenmu ba sa son tuna ta. Mutane suka sayar da gida a kuɗin akuya, wasu suka bar makulli a hannun maƙwabci ko yaron gida da cewa sai mun dawo, wasu suka tafi ba su ce komai ba. Daga wannan ne aka haifi shari'o'in da wasunsu suka kai zamaninmu: wanda aka bar wa amana ya ce saya ya yi, ko ya sayar wa wani, wanin ya kai ƙara don kotu ta tabbatar masa, mai gidan kuwa yana Kano ko Doso ko Gawo. Yaya za a kai masa takarda? Doka tana da amsa: idan an kasa samun mutum, alƙali yana iya ba da izinin a liƙa takardar a allon sanarwa na kotu da bangon gidan da ake jayayya a kai, ko a buga a jarida irin Daily Graphic, bayan wasu kwanaki a ɗauka ta isa. A wurin doka ta isa. Amma wa ke karanta jaridar Ankara a Doso? A nan ne mukan tuna da malamanmu da suka ce mai matsakaicin nisa ba a taɓa masa gida a bayan idonsa, mai nisa ƙwarai kuma hujjarsa tana jiransa. Ba mu ce tsarin kotu zalunci ne ba, domin ba zai yiwu mai gaskiya ya zauna har abada yana jiran wanda ba a san inda yake ba. Muna dai cewa an yi wannan tsari ne don mutanen da ke da lambar gida da akwatin gidan waya, aka kuma auna mu da shi.

Yanzu ga yadda abin yake a yau, don wanda bai sani ba ya sani. Idan Babbar Kotu ta yanke hukunci a shari'ar fili ko gado ko bashi, wanda bai gamsu ba yana da wata uku ya ɗaukaka ƙara, idan hukuncin ƙarshe ne. Idan kuwa wani umarni ne da aka bayar a tsakiyar shari'a, kwana 21 ne. Wanda wata ukun suka kuɓuce masa yana iya roƙon ƙarin lokaci cikin wasu wata uku, bayan nan ƙofa ta rufe. Wannan yana cikin ƙa'idojin Kotun Ɗaukaka Ƙara na 1997, waɗanda lauyoyi ke kira C.I. 19. Takardar ɗaukaka ƙarar a ofishin rajistaran kotun da ta yi hukuncin ake shigar da ita, kuma dole ta ƙunshi sunaye da adireshin duk waɗanda ƙarar za ta shafa kai tsaye, tare da kwafi isasshe na kowa. Rajistara ne zai sa belif ya kai wa kowannensu, belif kuma ya dawo ya rubuta ranar da ya kai da wanda ya ba. Mai ƙara yana iya raka belif ya nuna masa mutumin, kuma a unguwanni irin namu in bai raka shi ba takardar za ta tsufa a jaka. Bayan wannan za a kira ɓangarorin biyu su daidaita takardun da za su shiga kundin shari'a, a sake sanar da su idan kundin ya tafi sama, sa'annan mai ɗaukaka ƙara ya shigar da hujjojinsa a rubuce, a kai wa abokin husumarsa, shi ma ya mayar da amsa a rubuce cikin wa'adi. Ke nan ba takarda ɗaya ba ce, jere suke zuwa, kuma kowace tana ɗauke da agogonta, wanda ke fara tafiya daga ranar da aka damƙa ta.

A nan mutanenmu suka fi faɗuwa, kuma abin mamaki waɗanda suka yi nasara ne suka fi faɗuwa. Wata baiwar Allah, gwauruwa mai 'ya'ya biyar, ta yi shekaru tana shari'a da dangin mijinta a kan gida, Allah ya ba ta nasara, aka yi sadaka, aka yi walima. Bayan kamar wata biyu wani mutum ya same ta a bakin rumfarta ya ba ta takarda. Ta karɓa, ta ga hatimin kotu, ta ɗauka shaidar nasararta ce aka kawo mata, ta naɗe ta cikin leda ta sa a ƙasan akwati tare da takardun haihuwar yara. Ta biyu ta zo, ta sa a kan ta farko. Lauyanta kuwa tun ranar hukunci ba su sake haɗuwa ba, tunda akwai sauran kuɗinsa a kanta, tana jin nauyin zuwa. Sai da magana ta yi nisa sa'annan wani ɗan'uwa ya ji a bakin dangin mijin cewa an kusa zama a kotun sama. Ta zo zaure da ledarta, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, ni dai na san na ci shari'a, ga takarduna ma." Maigida ya miƙo mana, muka buɗe, muka karanta kan takardar farko, sai muka kasa ɗaga kai. Ya ce, "Malam, faɗa mata abin da ke ciki." Muka ce, "Hajiya, wannan ba ta nasara ba ce. Sun kai ki gaba, kuma an daɗe ana jiran amsarki." A daren nan aka tara kuɗi a masallaci, da safe muka raka ta wurin lauyan, ya shiga roƙon a ƙara mata lokaci. An ƙara mata, bayan an ci ta tarar ɓata lokaci, amma shari'ar da ta ɗauka ta ƙare sai da ta sake cin shekara biyu da jarin rumfar gaba ɗaya.

Ita ta karɓa ba ta karanta ba. Wasu kuma ƙin karɓa suke yi, suna zaton muddin takarda ba ta taɓa tafin hannunsu ba to babu abin da ya hau kansu. Ƙa'idojin Babbar Kotu na 2004, wato C.I. 47, sun toshe wannan. Idan aka hana belif da faɗa ko barazana ko tare hanya, ya isa ya ajiye takardar kusa da mutum gwargwadon iko. Idan aka yi zuwa uku ba a dace ba, sai a roƙi alƙali ya ba da izinin liƙawa ko bugawa a jarida. Ko 'yan majalisa, waɗanda sashe na 117 na tsarin mulkin 1992 ya hana a kai musu takardar kotu suna hanyar zuwa zaman majalisa ko suna ciki ko suna dawowa, ba su tsira daga wannan ba: a 2022 Kotun Ƙoli ta ba da umarnin a isar wa ɗan majalisar Assin ta Arewa, James Gyakye Quayson, takardu ta hanyar liƙawa da bugawa a jarida, bayan an ce an neme shi ba a samu ba. Wanda ya ɓuya, abin da ya samu kawai shi ne za a yi maganarsa ba ya wurin.

Wanda kuwa da gaske ba a kai masa ba, aka yi hukunci a bayansa, doka tana tare da shi, kuma ya kamata a san wannan. Kotunan ƙasar nan sun daɗe da tsayawa a kan cewa hukuncin da aka yi wa mutumin da ya cancanci sanarwa ba a sanar da shi ba ɓatacce ne, kuma tun shari'ar Mosi da Bagyina ta 1963 Kotun Ƙoli ta ce ɓataccen umarni ana iya soke shi komai daɗewarsa. Wannan shi ne izarin malamanmu cikin wata riga. Sai dai wahalar tana wajen tabbatarwa, domin rubutun belif yana cikin kundi, kai kuma bakinka kawai kake da shi. Mun ga inda aka rubuta an damƙa wa mutum takarda a ranar da rabin unguwa suka san yana Makka, fasfo ɗinsa ne ya cece shi. Mun kuma ga inda kuskuren ba na kowa ba ne: gida ɗaya Muhammadu huɗu, sunan da ke takarda ba wanda ya san shi da shi, tunda unguwa da laƙabin sana'arsa ko garin kakansa take kiransa, adireshin kuma an rubuta bayan babbar kwata kusa da masallaci, a Nima, inda masallatai suka fi a ƙirga. Tsarin adireshin zamani na GhanaPost GPS da aka ƙaddamar a 2017 ya rage wani abu, amma lamba tana kai mutum ƙofar gida ne, gidan kuma ɗaki ashirin ne.

Zaurukanmu ba su mutu ba. Dokar sasanta rigingimu ta 2010 ta amince da sulhun gargajiya idan ɓangarorin biyu sun yarda da kansu, ta kuma hana a tilasta wa kowa zuwa, wanda aka yi wa hukunci a zaure ba tare da an ji ta bakinsa ba kuma yana iya kai kuka kotu a soke. Saboda haka mu ma dole muka canja. A zamanin wanda muka gada a wannan aiki, Allah ya jiƙansa, aike da baki ya wadatar. Yanzu idan Maigida zai kira mutum, muna rubutawa da Hausa da Turanci, ɗan aike ya tafi da mutum ɗaya shaida, a rubuta rana da lokaci a littafi, wanda aka kai wa ya sa hannu ko ya dangwala. Tun bayan maganar Hajiyar nan kuma Maigida ya sa aka yi shela a masallatan da ke kewayenmu cewa duk wanda aka kawo wa takarda mai hatimin kotu, ko shi ya ci shari'a ko shi aka ci, ya kawo ta zaure a ranar, kafin ya kwanta. Ba lauyoyi ba ne mu, ba ma ba da fatawar doka. Abin da muke yi shi ne mu karanta masa da harshen da yake ji, mu rubuta ranar da ta iso hannunsa a bayan ambulan, mu ƙirga masa kwanakin da suka rage, mu haɗa shi da yaro ya raka shi wurin lauyansa ko ofishin taimakon shari'a na gwamnati idan ba shi da hali. Muna zama bayan la'asar kullum ban da Juma'a.